Dakarun sa-kai na farar hula a lokacin yaƙi: tarihin 'yan ƙato-da-gora da irin kallon da ake yi musu

Dakarun sa-kai na farar hula mutanen gari ne, 'yan kasuwa da manoma da maharba da matasa marasa aikin yi, waɗanda ke haɗa kai a lokacin yaƙi domin kare garinsu ko taimaka wa rundunar gwamnati, alhali su ba sojoji ba ne kuma ba 'yan sanda ba. A Najeriya, wadda ta fi shahara cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Civilian JTF ta Jihar Borno, wadda jama'a ke kira 'yan gora ko 'yan ƙato-da-gora. Ta bayyana a Maiduguri a shekarar 2013, kuma har yanzu tana cikin ginshiƙan tsaron arewa maso gabas.

Ƙarfin irin waɗannan dakaru yana cikin sanin da suka yi wa mutane da ƙasa. Sun san ɗan wane ne wannan, sun san baƙuwar fuska a unguwa, sun san hanyar da ke bi ta bayan gari zuwa daji. Wannan sani shi ya sa ake kiransu jarumai, kuma shi ne ya ba su ikon nuna mutum da yatsa a kama shi ko a kashe shi. Yabon da ake yi musu da zargin da ake yi musu duk daga tushe ɗaya suka fito.

Yadda aka soma a Maiduguri

Bayan rikicin watan Yulin 2009 da kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, ƙungiyar Boko Haram ta sake ɗaukar makamai a 2010 ƙarƙashin jagorancin Abubakar Shekau. A wancan lokaci mayaƙanta ba a daji suke ba. Suna zaune ne a cikin unguwannin Maiduguri, suna harbe 'yan sanda da masu unguwanni da malaman da suka soki aƙidarsu, sannan su saje cikin jama'a.

A watan Yunin 2011 gwamnatin tarayya ta kafa rundunar haɗin gwiwa ta soja da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, wadda aka sani da JTF. Akasarin jami'anta daga wasu sassan ƙasar suka zo, ba su jin Kanuri, kuma ba su da hanyar bambance mai laifi da maƙwabcinsa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara rahotannin kamen jama'a barkatai da ƙona gidaje da shaguna a unguwannin da aka kai wa sojoji hari. Mazauna birnin suka shiga halin gaba kura baya sayaki: wanda ya tona asirin ɗan Boko Haram za a biyo shi gida da dare, wanda ya yi shiru kuma sojoji su ɗauke shi a matsayin mai ɓoye su.

Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan wayar salula. Katsewar ta rage tsoron da mutane ke ji, domin mayaƙan ba su da sauƙin kiran 'yan'uwansu su zo ramuwa. Cikin makonnin da suka biyo baya ne matasa suka fara fitowa. Labarin da ya fi yaɗuwa yana danganta somawar ga wani ɗan kasuwa na unguwar Hausari, Baba Lawan Jafar, wanda ya bi wani ɗan bindiga da sanda, ya kama shi, ya miƙa shi ga sojoji. Matasan unguwanni suka yi koyi da shi, suka fito da gora da adda da kwari da baka, suna kafa shingayen bincike, suna shiga gida-gida suna zaƙulo waɗanda suka daɗe da sani amma suke tsoron ambata.

Kafin ƙarshen daminar wannan shekara, akasarin mayaƙan sun bar birnin sun koma dajin Sambisa da duwatsun Gwoza da ƙauyukan arewacin jihar. Shugaba Jonathan ya bayyana matasan a matsayin sababbin jaruman ƙasa. Sunan Civilian JTF kuwa daga sunan rundunar haɗin gwiwar aka aro shi, kuma ya ci gaba da bin su ko bayan da runduna ta bakwai ta sojan ƙasa ta karɓi aikin a watan Agustan 2013.

Tsari da alawus

Sojoji sun raba matasan zuwa shiyyoyi goma, daidai da yadda suka raba Maiduguri, kowace shiyya da kwamandanta da ke aiki tare da kwamandan soja na wurin. Daga birnin tsarin ya bazu zuwa Konduga da Bama da Damboa da Biu da Monguno da sauran ƙananan hukumomi, ya kuma tsallaka zuwa Yobe. A Adamawa, ƙungiyoyin maharba ne suka fi ɗaukar wannan nauyi.

Gwamnatin Borno a zamanin Gwamna Kashim Shettima ta kafa shirin tallafa wa matasa mai suna BOYES a 2013. A ƙarƙashinsa aka ba kimanin mutum 1,850 ɗan gajeren horo, aka ba su kayan sarki masu launin shuɗi mai haske da motocin sintiri, da alawus na naira 15,000 a wata. Wannan adadi kaɗan ne daga cikin masu aikin. A rahoton da ta fitar a watan Fabrairun 2017, ƙungiyar nazarin rikice-rikice ta International Crisis Group ta kawo ƙiyasin cewa mambobin sun kai kimanin 26,000 a Borno kaɗai. Ke nan mafi yawansu sun yi shekaru suna aiki ba tare da wani albashi ba, sai abin da 'yan kasuwa da mazauna unguwa suka tara musu. A 2016 rundunar sojan ƙasa ta ɗauki 250 daga cikinsu aikin soja, hukumar tsaro ta farin kaya ma ta ɗauki wasu 'yan kaɗan. Gwamnatin Babagana Umara Zulum ta ƙara alawus ɗin, ta kuma raba musu motoci da babura.

Makamansu sun sauya da tafiyar yaƙin. Gora ta ba da wuri ga bindigar toka da bindigar farauta mai harsashin warwatse, kuma a wasu fitattun ayyuka sojoji kan ba amintattu daga cikinsu manyan bindigogi, su karɓe bayan an dawo.

Aikin da suka yi

Babbar gudummawarsu ita ce bayanan sirri da tantance mutane. Su ne ke tsayawa a ƙofar kasuwa da tashar mota da masallacin Juma'a suna binciken masu shiga. Da Boko Haram ta fara ɗaura wa mata da 'yan mata bam daga tsakiyar 2014, mata 'yan sa-kai ne suka ɗauki aikin binciken 'yan'uwansu mata, abin da al'ada da addini ba su ba namiji damar yi ba. An sha samun lokutan da ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam ɗinsa a shingen bincike, ya mutu tare da matasan da suka tare shi, masu salla ko masu cin kasuwa suka tsira.

Sun kuma shiga fagen daga. Su ne 'yan jagorar sojoji a dazuzzukan da taswira ba ta nuna hanyoyinsu, su ne masu fassara tsakanin soja da mutanen ƙauye. Sun taimaka wajen daƙile manyan hare-haren da aka kai wa Maiduguri ranar 25 ga Janairu da 1 ga Fabrairun 2015, a lokacin da garuruwa da yawa na jihar ke hannun Boko Haram. A Adamawa, maharba sun taka rawa wajen ƙwato Mubi a watan Nuwamban 2014. A watan Mayun 2016, 'yan sa-kai masu sintiri a gefen dajin Sambisa ne suka gano ɗaliba ta farko da aka ceto daga cikin 'yan matan Chibok bayan shekara biyu da sace su. A shekarun baya-bayan nan aikinsu ya haɗa da rakiyar manoma zuwa gona da mata masu neman itace, da gadin sansanonin 'yan gudun hijira da garuruwan da aka mayar da mutanensu.

Asarar da aka yi

Boko Haram ta shelanta yaƙi a kan matasan tun a watan Yunin 2013. A ƙarshen Agustan wannan shekara an kashe aƙalla 24 daga cikinsu a wani kwanton ɓauna kusa da Monguno. A tsakiyar 2017 shugabannin ƙungiyar sun ce sun rasa mambobi 680 tun daga 2014, kuma adadin ya ci gaba da ƙaruwa, musamman ta hanyar nakiyoyin da ake binnewa a kan hanya.

Asarar ba a kansu kaɗai ta tsaya ba. Kafin 2013, Boko Haram ta fi kai hari a kan jami'an tsaro da ma'aikatan gwamnati da majami'u da waɗanda ta ware da suna. Bayan fitowar 'yan gora sai ta fara ɗaukar duk garin da ya kafa ƙungiyar a matsayin abokin gaba. A watan Agustan 2013 an kashe masallata 44 a Konduga, a watan Satumba kuma aka tare hanyar Maiduguri zuwa Damaturu a Benisheik aka kashe fiye da mutum 140. Masu nazarin rikicin da dama suna ganin kafa dakarun ya ceci babban birnin, amma ya jawo wa ƙauyukan da ba su da soja a kusa mummunar ramuwa.

Zarge-zargen da ke kansu

Zargi mafi nauyi ya shafi kisa ba tare da shari'a ba. Ranar 14 ga Maris na 2014 Boko Haram ta kai hari barikin Giwa da ke Maiduguri, ta buɗe ɗakunan da ake tsare da mutane. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe fiye da mutum 600 daga cikin tsararrun da aka sake kamawa a wannan rana, ta kuma ce 'yan Civilian JTF sun taimaka wa sojoji wajen kamen da kisan. A watan Agustan 2014 ta fitar da hotunan bidiyo da ta ce suna nuna sojoji da 'yan sa-kai suna yanka waɗanda aka kama. A wani rahoto na watan Mayun 2018 ta zargi wasu sojoji da 'yan sa-kai da tilasta wa mata lalata a sansanonin Bama a madadin abinci. Rundunar sojan Najeriya ta musanta rahotannin ƙungiyar.

Akwai kuma ƙorafe-ƙorafen yau da kullum da ba su cika kaiwa ga rahoton ƙasa da ƙasa ba: karɓar kuɗi a shingen bincike, dukan wanda ake zargi, shan ƙwaya, da laƙaba wa mutum sunan Boko Haram saboda bashi ko rikicin fili ko takarar neman aure. A wurin tantance mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka, kalmar ɗan sa-kai ɗaya kan isa a ware mutum a kai shi tsare na shekaru.

Batun yara ƙanana shi ne wanda aka fi samun gyara a kansa. A 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Civilian JTF cikin jerin ƙungiyoyin da ke amfani da yara a rikici, domin an samu yara suna tsaron shingaye, suna kai saƙo da leƙen asiri. A watan Satumban 2017 ƙungiyar ta sa hannu a kan yarjejeniyar daina hakan. Ta saki yara 833 a watan Oktoban 2018, da wasu 894 a watan Mayun 2019, waɗanda 106 daga cikinsu mata ne. A 2021 aka cire sunanta daga jerin. Wannan ya nuna cewa inda akwai shugabanci da ake iya kamawa da alhaki, ana iya sauya halin irin waɗannan dakaru.

Matsayinsu a doka

Yarjejeniyar Jeniba ta uku ta 1949 ta amince da dakarun sa-kai a yaƙin da ke tsakanin ƙasashe, ta ba su matsayin fursunonin yaƙi idan aka kama su, bisa sharuɗɗa huɗu: su kasance ƙarƙashin kwamandan da ke ɗaukar alhakin mutanensa, su sa wata alama da ake iya ganewa daga nesa, su riƙe makamansu a fili, su kuma kiyaye dokokin yaƙi. A rikicin cikin gida irin na arewa maso gabas, sashe na 3 da yarjejeniyoyin Jeniba huɗu suka yi tarayya a kansa ne ke aiki, kuma ya haramta wa kowane ɓangare kashe ko azabtar da wanda ya ajiye makami ko yake tsare. Farar hular da ya shiga faɗa kai tsaye yana rasa kariyar da doka ta ba shi muddin yana cikin faɗan. Ƙasar da ke ba dakarun umarni kuma tana ɗaukar alhakin abin da suka aikata.

A cikin gida, sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta tarayya, sashe na 227 kuma ya hana kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su domin amfani da ƙarfi wajen cimma manufar siyasa. Saboda haka 'yan ƙato-da-gora suna aiki ne bisa amincewar sojoji da tallafin gwamnatin jiha, ba su da irin tsarin fansho da diyya da kotun ladabtarwa da soja ke da su.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Najeriya ba ita ce ta fara dogaro da irin waɗannan dakaru ba, kuma ƙarshen da suka yi a wasu wurare ya bambanta ƙwarai.

A yaƙin basasar Saliyo na 1991 zuwa 2002, maharban ƙabilar Mende da ake kira Kamajo sun yaƙi 'yan tawayen RUF, sun kuma yi aiki tare da rundunar ECOMOG da Najeriya ta jagoranta wajen mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998. Jama'a da yawa sun ɗauke su a matsayin waɗanda suka ceci ƙasar. Duk da haka kotun musamman ta Saliyo ta tuhumi jagoransu Sam Hinga Norman a 2003 yana riƙe da muƙamin minista, ya kuma rasu a 2007 kafin a yanke hukunci. An samu mataimakansa biyu, Moinina Fofana da Allieu Kondewa, da laifukan yaƙi, aka yanke musu shekara 6 da 8, bisa la'akari da cewa sun yi yaƙi ne domin kare zaɓaɓɓiyar gwamnati. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan hujja, ta mayar da hukuncin shekara 15 da 20.

A Yukren, bataliyoyin sa-kai da dama sun tashi a 2014 lokacin da sojan ƙasar ba shi da ƙarfin tunkarar 'yan awaren gabashi. An zargi bataliyar Aidar da cin zarafin farar hula, an kuma soki ta Azov saboda alaƙar waɗanda suka kafa ta da masu tsattsauran ra'ayin ƙabilanci. Gwamnati ta gaggauta shigar da su cikin rundunoninta, Azov ta zama ɓangaren rundunar tsaron ƙasa a watan Nuwamban 2014, kuma tsayuwar da ta yi a Mariupol a 2022 ta ɗaga sunanta a cikin gida. A Iraki, kiran da Ayatullahi Ali Sistani ya yi a watan Yunin 2014 bayan faɗuwar Mosul ya haifar da dakarun Hashd al-Shaabi. Sun taimaka wajen karya ƙungiyar IS, majalisa ta ba su matsayin doka a 2016, amma wasu ɓangarorinsu sun zama masu ƙarfin siyasa da makamai da gwamnati ba ta iya juya su yadda take so.

Misalin da ya fi tayar da hankali shi ne na Sudan. Gwamnatin Umar al-Bashir ta ba mayaƙan Janjawid makamai domin murƙushe tawayen Darfur daga 2003, ta mayar da su rundunar RSF a 2013, ta bar su da kwamandansu da hanyoyin samun kuɗinsu. Ranar 15 ga Afrilun 2023 wannan runduna ta shiga yaƙi da sojan ƙasar da kansa. A Burkina Faso kuma, dokar watan Janairun 2020 ta kafa dakarun sa-kai na VDP da horon mako biyu, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha zarginsu da kashe Fulani farar hula.

Wannan haɗari na ƙabilanci bai yi ƙarfi a Borno ba, domin 'yan gora da waɗanda suke farauta galibi 'yan gari ɗaya ne masu harshe ɗaya. A arewa maso yamma lamarin ya sha bamban. A Zamfara da maƙwabtanta, kashe-kashen da aka zargi 'yan sa-kai da yi wa Fulani a kasuwanni da rugage na cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya, har gwamnatocin Zamfara da Sakkwato suka taɓa haramta ayyukansu. Daga baya jihohi suka koma kafa rundunonin da doka ta san da su, kamar dakarun tsaron al'umma na Katsina a watan Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024.

Makomarsu

A Maiduguri har yanzu mutuncin 'yan ƙato-da-gora yana da girma, musamman a wurin waɗanda suka ga shekarun 2011 zuwa 2013 da idonsu. A wurin iyalan da aka ɗauke musu ɗa bisa nunin yatsa bai dawo ba, kallon daban ne. Su kansu mambobin suna da nasu ƙorafin. Tun da aka fara shirin gyaran halin tubabbun mayaƙa a 2016, da kuma miƙa wuyan dubban mutane bayan mutuwar Shekau a 2021, da yawa daga cikinsu suna kukan cewa wanda suka yaƙa ya samu horon sana'a da jari, su kuwa da marayun abokansu suna jiran alawus.

Masu nazarin tsaro sun fi jin tsoron abubuwa biyu: 'yan siyasa su mayar da su 'yan bangar zaɓe, kamar yadda aka yi da matasan Borno da suka ari sunan ECOMOG a farkon shekarun 2000, ko kuma rashin abin yi ya tura wasu cikin fashi da fataucin ƙwaya. Shawarwarin da aka fi maimaitawa sun haɗa da yi wa kowane mamba da kowace bindiga rajista, da hukunta wanda aka samu da laifi a kotu, da ɗaukar waɗanda suka cancanta aikin soja ko ɗan sanda ɗaya bayan ɗaya maimakon a matsayin runduna mai kwamandanta, da mayar da sauran makaranta ko sana'a, da kafa asusun kula da naƙasassu da matan da aka bari da marayu. Matasan da suka fito da gora a 2013 suna da shekara ashirin, yau magidanta ne masu 'ya'ya a makaranta, kuma da yawansu ba su san wata sana'a ba sai wannan.